Gajere Ba Yaro Ba Ne: 'Yar Kubota B2420 Da Ta Sace Mini Zuciya

Ranar da aka sauke ta daga bayan mota a ƙofar gidan gonata, yara da manya suka yi cincirindo kamar an kawo amarya. Launinta ruwan lemo, tana ɗaukar ido duk da cewa ta hannu ce, tsayinta kuma bai wuce ƙirjin babban mutum ba. Wani dattijo maƙwabcina da ya fi shekara 40 yana huɗa da shanu ya zagaye ta sau biyu, hannu a haɓa, sannan ya dube ni ya ce, "Malam, wannan 'yar tantan ɗin za ta ja garma kuwa?" Na ce, "Baba, a dai bari ruwa ya sauka, gani ya kori ji." Damina uku ke nan da wannan magana. Yanzu duk daren da aka yi ruwan shuka, Baba ne ke fara yi mini sallama bayan an idar da sallar asuba, tambayarsa kuma ɗaya ce: yaushe za ta gama nawa ta leƙa nasa?

Tarakta ce ƙirar Kubota, samfurin B2420, kuma zan faɗa tun daga farko ba kwana-kwana: ina ƙaunar wannan na'ura. A duk abin da na taɓa kashe wa kuɗi a harkar noma, babu wanda ya faranta mini rai kamarta. In na biyo ta rumfar da take kwana, sai na tsaya na shafa murfin injinta kamar yadda mai doki ke shafa wuyan dokinsa. Uwargida ce ta raɗa mata suna 'Yar Albarka, kuma sunan ya bi ta har a bakin mutanen gari.

Wurina ba wata makekiyar gona ba ce. Hekta biyu da rabi ne a bayan Shika, in ka bar Zariya ka nufi Giwa. Gida a gaba, layukan mangwaro da gwaba da lemo a tsakiya, fegin masara da waken suya a baya, sai ɗan lambu a gangaren rafi inda muke albasa da tumatir da rani. Akwai ɗakin kaji, akwai turken bijimai biyu na kiwo, ga kuma hanyar burji daga titi zuwa ƙofa wadda ruwa ke cinyewa duk watan Agusta. Irin wannan wuri ya fi ƙarfin fartanya, amma bai kai a kira masa babbar tarakta ba. Masu irinsa suna da yawa a gefen Kano da Kaduna da Katsina, ma'aikata da 'yan fansho da 'yan kasuwa da suka sayi fili suka kewaye, kuma kusan dukanmu ciwo ɗaya ke damunmu.

Ciwon shi ne jira. Ruwa ya sauka, ƙasa ta yi laushi, kowa na neman mai taraktar haya a rana ɗaya. Shi kuwa direba gonar hekta 20 yake so, inda zai miƙe ya yini bai yi kwana da yawa ba, don haka mai ɗan fegi sai ya bi layi. Akwai shekarar da na yi kusan mako uku ina jiran alkawarin gobe, har danshin farko ya wuce. Da aka zo kuma, taraktar ta ƙi shiga ƙofa sai da muka rushe gefen katanga, ta karya mini reshen mangwaro, ta bar sawun tayoyinta a lambu ya daskare kamar daɓe. A daren nan na ƙudura cewa in Allah Ya hore, zan mallaki abin da ya yi daidai da wurina.

Da lokacin saye ya zo, shawarwari suka yi ta zuwa. Wasu suka ce in nemi Massey Ferguson 375, wadda kowane bakanike a Arewa ya san cikinta da wajenta. Tarakta ce ta kirki, babu mai musu, mai ƙarfin dawaki 75, kuma a babbar gona ita ce sarauniya. Sai dai nauyinta ya haura tan biyu, faɗinta ba zai ratsa tsakanin bishiyoyina ba, kuma man da za ta sha don ta kai mini taki bayan gida ya fi takin daraja. Wasu suka ce in sayi ƙaramin injin kaftu mai taya biyu, irin wanda manoman shinkafa ke bi a baya a ƙafa a wajen Kura da Kadawa. Shi ma yana aiki a fadama, amma ni ina da hanya da zan gyara, da kaya da zan ɗauka, ga shekaru sun fara turawa. Sai na ɗauki tef na auna ƙofa, na auna tazarar da ke tsakanin layukan mangwaro, na zauna na rubuta duk aikin da ake yi a gidan daga bazara zuwa bazara. Abin da takardar nan ta nuna mini ƙarara shi ne tarakta mai ƙarfin dawaki 20 zuwa 25, siririya, mai jan taya huɗu. Daidai ruwa daidai tsaki. B2420 ta zauna a wannan gurbi kamar don ni aka ƙera ta.

Bari in fara da injin, don a nan zuciyata ta fi karkata. Injin gas ne mai silinda uku, sunansa D1105, girmansa siisii 1,123, yana ba da ƙarfin dawaki 24. Da asubar hunturu, lokacin da sanyin Zariya ke sa mota tari, sai in murɗa makulli in ɗan jira fulogin ɗumama inji su yi zafi, in ƙara murɗawa, ta tashi tashi ɗaya. Ƙararta ba ta da hayaniya. Wani sassanyan kiɗi ne, tif-tif-tif, wanda kaji ma sun saba da shi ba sa firgita. Famfon manta na ƙarfe ne zalla, babu kwamfuta a cikinsa, saboda haka bakaniken da ya iya injin gas na janareta ba ya tsayawa kallonta. Wannan inji ma ba tarakta kaɗai ake sa wa ba, ana samunsa a janaretoci da ƙananan motocin haƙa, abin da ke sauƙaƙa neman matatar mai da ta iska da bel. Shan mai kuwa, sai dai in ce ma sha Allah. Nakan yini ina aiki a lambu, da yamma in leƙa tanki in ga saura da yawa, in yi murmushi ni kaɗai.

Giyarta tara ce ta gaba, uku ta baya. A mafi ƙanƙanta tana tafiya a hankali har mai tafiya a ƙafa ya wuce ta, kuma wannan sannu-sannun shi ake so wajen kaftu. Sitiyarinta mai taimakon mai ne, da hannu ɗaya nake juya shi. Birkin dama daban, na hagu daban: in na kai ƙarshen kunya sai in taka na ɓangaren da zan juya, ta yi kwana a ɗan wuri kamar akuya a turke. Wanda ya taɓa fama da juya shanun huɗa a bakin shinge shi zai san daɗin wannan.

Akwai wata rana a damina ta biyu da ba zan manta ba. Na ɗoro tirela cike da takin kaji zan gangara lambu, ashe ruwan dare ya mayar da gangaren taɓo. Tayar baya ta dama ta fara juyawa a wuri ɗaya tana watso laka, tirela ta zauna daram. Yaran da ke aiki suka ajiye fartanya suka taho turi. Na ce su dakata. Na taka kuloci, na tura sandar da ke haɗa tayoyin gaba da na baya, na sa dunduniya na danne makullin da ke sa tayoyin baya biyu su juya tare, na saki kuloci a hankali. Ta yi wani ɗan gurnani, tayoyin gaba suka kama ƙasa, ta fito tsaf da kayanta kamar ba abin da ya faru. Yara suka yi shewa. Baba da ke tsaye a kan kunyarsa ya ɗaga hannu ya ce, "Gaishe ki, gajere ba yaro ba!" Tun daga ranar ban ƙara jin wani ya kira ta abin wasa ba. Duk wanda zai sayi ƙaramar tarakta, ina roƙonsa kada ya yarda da wadda tayoyin baya kaɗai ke ja. Ƙaramar tarakta ba ta da nauyin da zai danne ta a ƙasa, don haka jan taya huɗu shi ne rabin ƙarfinta.

Sauran rabin yana bayanta. Akwai hannuwa uku na ƙarfe, biyu a ƙasa ɗaya a sama, inda ake ɗaura garma ko haro ko rija, mai kuma ya ɗaga su ya sauke da taɓa sanda ɗaya. Wannan dabara ta Harry Ferguson ce, ɗan manomi daga Arewacin Ireland, wanda ya yi rajistar fasaharsa a 1926. Kafin shi, tarakta jan garma take yi a baya kamar amalanke, sai ta zama mai nauyi sosai kafin tayoyinta su kama ƙasa, kuma in garma ta ci karo da saiwa ko dutse, gaban taraktar na iya tashi ta kife kan direba. Ferguson ya sa garma ta zama gaɓa ta jikin tarakta, yadda turjiyar ƙasa ke komawa nauyi a kan tayoyin baya. Ya haɗa hannu da Henry Ford suka fitar da Ford 9N a 1939, daga baya ya ƙera 'yar tokarsa TE20 a Coventry ta Ingila daga 1946, wadda aka yi fiye da rabin miliyan. Duk lokacin da na ja sandar nan na ji garma ta ɗago, nakan tuna cewa albarkacin wannan mutum ne na'urar da ba ta kai tan ɗaya ba ke iya yin aikin gaske.

Tsakanin hannuwan nan akwai shaf mai juyawa sau 540 a minti, wanda ke ba wasu na'urori ƙarfi kai tsaye daga inji. A kansa nake ɗaura rotabeta, wato injin kaftu mai wuƙaƙe, kuma a nan ne 'Yar Albarka ke nuna bajintarta. Da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, nakan shiga lambu in sauke shi a hankali, in sa ƙaramar giya. Wuƙaƙen su shiga ƙasa da wani sauti kamar ana tankaɗe. In na waiga sai in ga hoge da ciyawa da takin da muka watsa jiya duk sun gauraye sun zama lallausar ƙasa baƙa wuluk, har mutum ya so ya cusa hannu a ciki. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi, balbelu su sauko su jeru a bayana suna tsintar tsutsa. Fangalin albasa da mutum huɗu ke kwana biyu suna kafta suna fasa hoge, kafin rana ta take na gama shi. Kuma da yake ba ta da nauyi, ba ta daskarar da ƙasa, ruwa na shiga, saiwa na sakewa.

Aikin da ya fi yawa a gida irin nawa kuwa ɗauke-ɗauke ne, kuma mutane ba su cika lissafa shi ba sai sun fara. Taki daga ɗakin kaji zuwa gona. Harawa da kara daga gona zuwa turke. Buhunan masara da kaka. Jarkokin ruwa zuwa ga dashen da muka sa a watan Maris. Yashi da bulo in ana gyaran katanga. Da baro ake yi a da, ko a ɗauko ɗan amalanke. Yanzu 'yar tirela da wani maƙeri ya haɗa mini ta ɗauke wannan wahala gaba ɗaya. Faɗin taraktar mita ɗaya ne da 'yan kai, tana ratsa layin gwaba ba ta taɓa ganye, tana shiga har bakin turke. Bayan kowane babban ruwa kuma nakan ɗaura mata farantin baje ƙasa in bi hanyar burjin nan in cike ramuka, in buɗe wa ruwa mafita. Rabona da in tura mota a ƙofar gidana tun kafin ta zo.

Da na bi tarihin kamfanin sai na gane dalilin da ya sa ta dace da mu haka. Gonshiro Kubota ya kafa shi a Osaka ta Japan a 1890, a matsayin maƙerar narka ƙarfe, ya yi suna wajen bututun ruwan sha. A 1922 suka fara injunan noma, a 1947 suka yi injin kaftu na hannu, a 1960 suka fitar da taraktarsu ta farko, T15. Gonakin Japan ƙanana ne, yawancinsu fadamun shinkafa masu laka, don haka tun asali abin da manominsu ke buƙata shi ne na'ura ƙarama, mara nauyi, mai juyi a ƙuntataccen wuri. Ashe matsalarsu 'yar'uwar tamu ce. A 1969 suka kai L200 mai ƙarfin dawaki 21 Amurka, ƙasar manyan taraktoci, sai ga masu 'yan filaye a bayan gari sun yi mata rubdugu. Can yanzu irin waɗannan ƙanana, kamar jerin BX na Kubota da 1025R ta John Deere, yankan ciyawar tsakar gida da kwashe dusar ƙanƙara suke yi, yawanci da giyar mai wadda feda kawai ake takawa, da cokalin ɗiban ƙasa a gaba. Abin sha'awa ne, amma ni giyar hannu na zaɓa da gangan, don ita makanikanmu suka fi sani, kuma ita ta fi dacewa da jan garma yini guda. Taya ma ka duba. Masu santsin da aka yi don filin ciyawa ba su da amfani a gonarmu, mai manyan haƙora ake nema.

Ga wanda zai sayi ta hannu kamar yadda na yi, ka je da bakanikenka, kuma ka je da sassafe kafin a tayar da ita, ka taɓa injin ka ji da sanyi. Injin da ya gaji, da sanyi yake tona kansa. Ka kalli hayaƙi: ɗan baƙi a tashin farko ba komai, amma shuɗi da ya ƙi yankewa alama ce tana cin baƙin mai. Ka zaro ma'aunin baƙin mai, in ka ga ya yi kalar madara to ruwa na shiga, ka haƙura. Ka sa a ɗaura mata garma a ɗaga sama a kashe inji, ka tsaya ka gani ko hannuwan za su riƙe ko za su zube. Ka girgiza tayoyin gaba, ka leƙa ƙarƙashi ka nemi ɗigon mai, ka gwada kowace giya. Agogon awa na iya yin ƙarya, amma fedar kuloci da ta side da kujerar da ta lotsa ba sa yi. Kada kuma ka kashe kuɗinka duka a kan taraktar. Ba tare da rotabeta da rija da tirela ba, doki ka saya ba sirdi. Ka tabbata kayan aikin daidai ƙarfinta ne, kada a lallaɓe ka da garmar babbar tarakta, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Kulawar da take nema ba ta da yawa, kuma ni daɗin yin ta nake ji. Da hunturu da lokacin casa, kullum sai na zare ragar gaban lagireto na kakkaɓe ƙaiƙayi, na buɗe matatar iska na fitar da ƙura. Gas ɗin da na sayo sai ya kwana a jarka ya kwanta, sannan in tace shi da kyalle mai tsabta, don ruwa da datti su ne ajalin famfon mai. Ba na bari tanki ya ƙafe, in ba haka ba iska ta shiga sai an yi ta fitarwa. Giris a gaɓoɓinta, baƙin mai a kan lokaci, ruwan sanyaya inji na kanti maimakon na rijiya, rumfa a kanta. Shi ke nan. Ita kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Magana ɗaya nake yi da babbar murya, don ƙaunar da nake mata ba ta rufe mini ido ba. Kujerarta ɗaya ce, ta mutum ɗaya. Yara za su yi ta roƙon a ɗora su a kan murfin taya, kada a yarda ko sau ɗaya. Siririyar tarakta a gangare tana iya kifewa, don haka a nemi mai ƙarfen kariya a bayan kujera, a ɗaura bel, a hau tudu a miƙe kada a ratsa shi a karkace. Shaf ɗin baya kuma ba ya wasa da babbar riga ko rawani. Ni da 'yar shara da wando nake hawa, kuma ba na sauka sai na kashe shi ya tsaya cik.

Mai hekta 30 ya nemi babba, wannan ba tasa ba ce. Amma kai mai hekta ɗaya zuwa biyar, mai bishiyoyi da lambu da 'yan dabbobi, wanda ke kwana da fargabar ko mai tarakta zai cika alkawari, kai nake wa wannan magana. In kuɗin ya yi maka yawa kai kaɗai, ku haɗu ku uku maƙwabta ku saya, za ta ishe ku. Ni bayan na gama nawa takan yi wa Baba da mutum biyu na kusa, abin da suke bayarwa kuma shi ke sayen mata mai da matata har shekara ta zagayo. Bana a cikin kwana biyu da ruwan shuka na gama kaftu da huɗa, masarata ta riga ta kowa tsiro a layinmu. Da za a mayar da ni ranar da na tsaya da kuɗina a hannu ina zaɓe, wallahi B2420 zan sake nunawa.